Abin da ke tare harsashi da abin da ba ya tare shi

A Amurka, inda doka ta sake wa mutane mara kan mallakar bindiga, akwai masu ware ɗaki a gida don koyon harbi da ƙaramar bindiga. Bidiyonsu na yawo a wayoyin matasa, har wani a Arkilla ko Dundaye na Wamakko ya ɗauka katangar gidansa ma za ta wadatar wajen tare harsashi. Ba za ta wadatar ba, kuma doka ta riga ta rufe wannan ƙofar.

A ƙasar nan, Dokar Makamai ta 1959 ta sa ƙaramar bindiga cikin makaman da aka haramta, ba mai riƙe ta sai da izinin Shugaban Ƙasa, kuma wanda aka kama ba izini hukuncinsa ɗaurin shekara 10 ne aƙalla. Hatta bindigar toka ta mafarauta, Kwamishinan 'Yan Sanda na iya hana riƙe ta sai da lasi. Amma sanin abin da ke tsayar da harsashi ya shafi kowa, musamman a Wamakko, inda gidaje ke ta cinye filayen da da can gonaki ne, ga maharba da 'yan sintiri na gwada bindigoginsu a bayan gari.

Harsashin ƙaramar bindiga mai milimita 9 yana fita da gudun sama da mita 300 a daƙiƙa guda, kuma in bai ci karo da komai ba yana iya tafiyar fiye da kilomita ɗaya da rabi. Bulon da muke gini da shi mai rami ne a ciki. Harsashi na iya huda shi, in kuwa aka yi ta dukan wuri guda sai ya ruguje. Kwano da ƙofar katako ba a ma maganarsu. Kankare da dutse kuma nasu haɗarin daban ne: harsashi kan daki abu mai tauri ya yi tsalle, ya nufi inda mai harbin bai taɓa nufa ba, wani lokaci ya dawo kansa. Ruwa ma haka yake, don haka harbi ta saman gulbin Rima ganganci ne.

Abin da ke shanye harsashi shi ne yashi. Shi ya sa a filayen koyon harbi na soja ake tara tudun ƙasa mai tsawon mitoci a bayan abin da ake saiti, a lulluɓe fuskarsa da yashin da aka tsince wa duwatsu, sannan a bar fili mai nisa a baya ba gida ba hanya. Duk da haka sai sojoji sun yi sanarwa kafin atisaye, su gargaɗi manoma da makiyaya. In masu sana'ar ba su yarda da tudu shi kaɗai ba, ina ga mai katangar bulo?

Ɗakunan harbi na gaskiya suna amfani da farantin ƙarfe na musamman da aka karkata don ya tura harsashi cikin ramin yashi, ko kuma tarin niƙaƙƙiyar roba mai kauri. Sai dai babban aikin na iska ne. Yawancin harsasai da dalma ake yin su, kuma kowane harbi na sakin ƙurarta. A rufaffen ɗaki sai da injin da ke tura iska daga bayan mai harbi zuwa gaba, ya tace ta kafin ta fita. In babu, ƙurar na kwanciya a tabarma da tufafi, yaro mai rarrafe ya kai ta baki. Mutanen wannan yanki sun san dalma: a 2010, gubarta daga niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje ta kashe yara kimanin 400 a Anka da Bukkuyum ta Zamfara.

Saura harbin sama da ake yi a biki ko naɗin sarauta. Da garin albarushi zalla ba harsashi, ƙara ce da hayaƙi, sai dai a kiyaye wanda ke kusa da bakin bindigar. Da harsashi kuwa, sai ya sauko, kuma da ƙarfin da zai iya fasa ƙoƙon kai.