Hoton balbela cikin zafin rana

Ƴan uwa manoma da makiyaya, kowa ya san balbela. Ita ce farar tsuntsuwar da ke bin shanu wurin kiyo, tana cin fara da ƙwarin da bisashe ke tayarwa cikin haki. Abokiyar manomi ce.

A ajinmu na yaƙi da jahilci mun so hotonta don koyon baƙin "b". Wani ɗalibina makiyayi ya ce shi zai kawo. Ya yi kwana 3 yana bin garke da salula, kullum da rana tsaka. Shanu sun fito sarai, amma balbela ta zama kamar an ɗiga nono bisa baƙin zane, babu ido, babu gashi. Ya ce salularsa ta lalace, zai saida akuya ya sayi wata.

Na ce masa ya bar akuyarsa. Salula lafiya take.

Ga dalili. Farin gashi yana maido hasken rana, kamar sabon kwanon rufi. Ita kuwa salula tana auna hasken wuri gaba ɗaya. In ta ga baƙaƙen shanu da inuwar itace sai ta ƙara haske, tsuntsuwar ta ƙone. Abin da ya ƙone cikin hoto ba ya gyaruwa.

Ga abin da za ku yi.

Da sanyin safiya ake kama fara. Ku fita da hantsi bai ɗaga ba, ko bayan la'asar. Da marece balbelu na komawa wurin kwana jere-jere, bisa itatuwan bakin ruwa, kamar tabkin Madarumfa kusa da Maraɗi, ko na Tabalak cikin jihar Tawa.

Ku ba rana baya. In iska ma tana bayanku ya fi, don tsuntsu yana fuskantar iska in zai tashi, sai ya nufo ku.

Ku taɓa tsuntsuwar bisa gilashin salula. A saluloli da yawa wata alamar rana za ta fito. Ku jawo ta ƙasa har layin gashi ya bayyana. In shanu sun yi duhu, ba komi.

In ta tashi, ku bi ta da hannu sannu, kuna dannawa sau da yawa. Hasken rana yana da amfaninsa: shi ke sa salula ta ɗauka da sauri, fuffuke ya tsaya cak.

Kada ku jefe ta don ta tashi. Da damana kada ku matsa kusa da sheƙa, ƴaƴanta suna iya faɗowa.

Ɗalibina ya koma da safe. Yanzu hotonsa na manne jikin allonmu, akuyarsa kuma tana ɗaure a turke.