Shin Ko Kun San? Taurarin Fim Da Suka Yi Wa Sojoji Hidima

• Shin ko kun san cewa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, manyan taurarin fim na Amurka sun zage damtse suna raba abinci, suna wanke kwanuka, suna rawa da sojojin da suka zo hutu? Wuri biyu ne suka yi fice da wannan, kuma kowanne an yi masa fim.

• Na farko shi ne Stage Door Canteen, wanda aka buɗe a New York cikin Maris na 1942, a ƙasan wani gidan wasan kwaikwayo. Fim ɗinsa ya fito a 1943, Frank Borzage ne ya ba da umarni. Katharine Hepburn ta fito a ciki, haka ma makaɗa irin su Count Basie da Benny Goodman.

• Shin ko kun san cewa Bette Davis da John Garfield ne suka kafa na biyun, wato Hollywood Canteen, ran 3 ga Oktoba, 1942? Garfield ya so shiga soja, ciwon zuciya ya hana shi, sai ya ba da gudummawarsa ta wannan hanya.

• A lokacin, soja ba ya biyan ko sisi a Hollywood Canteen. Kakinsa shi ne tikitinsa, kuma ba a ba da giya a wurin.

• Ran 15 ga Satumba, 1943, baƙo na miliyan ɗaya ya shigo, wani saje mai suna Carl Bell. A kan irin wannan sa'a aka gina labarin fim ɗin Hollywood Canteen na 1944, wanda kamfanin Warner Bros. ya shirya, taurari da dama suka fito da sunayensu na ainihi.

• Kashi 40 cikin 100 na abin da fim ɗin ya kawo, wurin aka bai wa. Kafin a rufe shi a Nuwamba na 1945, kusan sojoji miliyan 3 ne suka ci abinci a ciki.

• Shin ko kun san cewa Davis ta tsaya kai da fata a kan cewa ba za a ware baƙar fata a zauren ba? Wannan ba ƙaramar jarumta ba ce, domin rundunar Amurka kanta tana ware su a lokacin. Sai a 1948 Shugaba Truman ya ba da umarnin a daina.