FITILAR HASKA ƘWAI: WANE LED NE ZAI RATSA ƁAWON ƘWAN ZABO?



Damina ta kankama, zabi sun fara zuba. Duk wanda ya karya daga Kwanar Dangora ya nufi Tudun Wada, har zuwa bakin dajin Falgore, zai ga ƙwan zabi a ƙwarya da roba ana tallarsa. Yanzu ne masu ƙananan injinan ƙyanƙyasa ke cika tire, kuma yanzu ne ake tafka asarar da bai kamata a yi ba.

Ni ma na yi ta. Bara na sayo ƙwai na zuba a inji, kwana 10 na ɗauko tocilan waya na haska, ban ga komai ba sai duhu. Na ce to, a bar su duka, Allah ya fidda na fita. Ana cikin mako na uku wani baragurbi ya fashe a ciki. Warin kaɗai ya ishi mutum, ga ruɓar ta fantsama kan masu rai. Abin da na samu a ƙarshe ko kuɗin ƙwan bai mayar ba. Da na zauna na yi nazari, sai na ga injin ba shi da laifi, fitilar ce ba ta kai ba.

Ƙwan zabo ba kamar na kaza ba ne. Ɓawonsa ya fi kauri, ga ɗige-ɗige. Hasken da zai nuna maka cikin farin ƙwan kaza tas, a ƙwan zabo ko gezau. Shi ya sa masu tallar ƙwai ke dunƙule hannu su ɗaga shi saitin rana. Dabarar daidai ce, amma ba za ka riƙa fito da ƙwan da ke cikin inji tsakar gida ɗaya bayan ɗaya ba. Tsoma shi a ruwa kuwa, wannan na ƙwan ci ne. Wanda za a ƙyanƙyashe ba a jiƙa shi.

Mafita ita ce ka haɗa fitilarka da kanka, mai aiki da batir, tunda wutar NEPA a ƙauyukanmu na Kiru da Bebeji da Doguwa kowa ya san halinta. Ga abin da za ka duba.

1. TAMBAYI LUMEN, KADA YAWAN ƘWAYAYE YA RUƊE KA

Wat yana gaya maka wutar da fitila ke sha ne. Hasken da take bayarwa da lumen ake auna shi. Ƙananan LED ɗin nan masu dogayen ƙafa biyu, 'yan milimita 5, kowanne yana shan kusan miliamf 20, haskensa kuma 'yan lumen kaɗan ne. Ko ka jera 20 a faranti, hasken zai watsu ne a ɗaki, ba zai taru waje guda ba.

Abin da kake nema shi ne LED guda ɗaya mai ƙarfi, wanda aka manna a kan ɗan farantin alminiyam mai siffar tauraro:

• Mai wat 1: yana shan kusan miliamf 350, yana ba da lumen 100 ko kusa da haka. Ya wadatar ga ƙwan kaza.
• Mai wat 3: yana shan kusan miliamf 700, haskensa ya kusa ninka na farko. Shi nake ba da shawara ga ƙwan zabo da na talotalo da ƙwai mai jan ɓawo.

Ka zaɓi fari fat, wanda aka rubuta 6000K ko 6500K. A gwajina ya fi mai ruwan ɗorawa fito da jijiyoyin jini.

Rubutun kwali ba abin dogaro ba ne kullum. In za ka Kano sayen kaya, ko wajen mai gyaran tocila da rediyo na garinku, sa ɗanyen ƙwan zabo guda a aljihu. A kunna, ka ɗora, ka rufe da hularka. In ka ga inuwar gwaiduwa da ɗan ɗakin iskar da ke gindin ƙwan, biya kuɗinka. In ba ka gani ba, a canza maka.

2. BATIRIN DA ZAI IYA ƊAUKA

Farin LED yana buƙatar bolt 3 zuwa 3.4. Batirin tocila guda biyu bolt 3 ne cif, da sun ɗan yi sanyi haske zai dushe, kai kuma ka ɗauka ƙwan ne ba shi da kyau. A nan mutane ke zubar da ƙwai mai rai.

Wanda ya fi dacewa shi ne 18650, dogon batirin nan da ke cikin fawa bank da tsofaffin batiran laftof. Bolt 3.7 ne, in ya cika caji yana kai 4.2. Mai ɗaukar 2000mAh zai riƙe LED mai wat 1 sama da awa 5, mai wat 3 kuma kusan awa 3. Haska tire biyu ko rabin awa ba ya ci, ka ga caji ɗaya zai kai ka nesa.

A kula: 18650 na gaskiya ba ya wuce 3500mAh da wani abin kirki. In ka ga an rubuta 9900mAh, wallahi ajiye musu kayansu.

3. KADA KA HAƊA KAI TSAYE

LED ba ya ƙin wuta. Duk abin da batir ya turo zai sha har ya ƙone kansa. Dole a sa resista a tsakani. Lissafin ba wuya: batir cike 4.2, LED na ɗaukar 3.2, saura 1. Raba 1 da 0.35, ka samu kusan 3. To ga mai wat 1, nemi resista mai om 3.3. Ga mai wat 3, raba 1 da 0.7, wato om 1.5, kuma ka ce a ba ka mai ɗaukar wat 2 don kada ta yi zafi.

Batirin sola mai bolt 12 kuwa, ko da wasa kada ka jona masa wannan LED ɗin. Ƙiftawa ɗaya zai yi ya tafi.

Shi kansa LED mai wat 3 yana zafi ta baya. Ɗaure farantinsa a jikin wani guntun alminiyam mai ɗan kauri, ko da yankin tsohuwar tukunya ne. Batirin kuma a sa shi a gidansa na roba, ba a ɗora masa ƙarfen solda a kai. A yi cajinsa da ɗan allon caji na TP4056, nesa da ɗakin kaji da dusar katako, domin irin batirin nan in ya kumbura ko ya huje yana kama wuta.

4. GANGAR JIKI: RABIN AIKIN A NAN YAKE

Ko LED ɗinka ya kai rana haske, in yana tsiyaya ta gefe ya dallare maka ido, ba abin da za ka gani. Samu guntun bututun roba na famfo ko gwangwanin madara. LED a ƙasa, tsakaninsa da baki kamar faɗin yatsu biyu, don ɗumi kada ya taɓa ƙwai. Bakin ya zama ƙaramin rami, santimita 2 ga ƙwan zabo, 2.5 zuwa 3 ga na kaza. Yanko tsohon tiyub ɗin babur ka zagaye bakin da shi, ƙwai ya zauna ɗaram ba kafar haske. Sa makunni irin na dannawa, ka saki ya mutu.

5. ME ZA KA GANI?

Kaza kwana 21 take yi, zabo 26 zuwa 28. Haska na kaza a kwana na 7, na zabo a kwana na 10. Da dare, a ɗaki mai duhu, da hannu mai tsabta, ta gefen gindi mai faɗi.

• Jijiyoyi ja kamar saƙar gizo da ɗan baƙin ɗigo a tsakiya: mai rai ne, mayar da shi.
• Jan zobe ya zagaye ciki ba jijiyoyi: ya fara ya mutu, cire shi.
• Garau, sai inuwar gwaiduwa: ba a barbare shi ba, ko ya tsufa kafin a zuba.
• Wanda kake kokwanto: yi masa alama da fensir, ka sake dubawa bayan kwana 3 ko 4. Kada ka yi gaggawar yarwa.

Sai dubawa ta ƙarshe kafin ka daina juyawa, kwana 18 ga kaza, 23 ko 24 ga zabo. Kowane ƙwai daƙiƙa kaɗan ya ishe shi, kuma rufe injin tsakanin ɗiba don zafin 37.5 kada ya sauka.

Ga wata riba da ba a cika lura da ita ba. In ka haska a kwana na 10 ka ga yawancinsu garau, ka san wurin wanda ka sayo ne matsalar take. Ka samu damar canza mai kawo maka ƙwai tun damina ba ta wuce ba, maimakon ka ƙone kananzir ko cajin sola na wata guda a kan ƙwan da ba komai a cikinsa.

Wanda ya haɗa tasa ya turo mana hoto mu gani. Allah ya sa albarka a kiwonmu, ya tsare mu da asara.