Ƙugiyar Likita: Ƙarfen da Ke Buɗe wa Mai Tiyata Hanya

'Yan'uwa, sau da yawa in aka ce za a yi wa wani namu aiki a asibiti, sai gida ya rikice. Wasu har su hana a taɓa mai naƙuda sai lokaci ya ƙure. Galibi tsoron abin da ba mu sani ba ne. To yau bari mu duba ɗaya daga cikin ƙarafan ɗakin tiyata, wato ƙugiya.

In likita ya yanka fata, tsoka da kitse kan koma su rufe wurin, ba zai ga jijiyar da ke zubar da jini ba. Sai a sa ƙugiya, ƙarfe mai lanƙwasasshen baki, ta janye gefen yankan gefe guda. Akwai wadda mataimakin likita ke riƙewa da hannu, akwai kuma mai makulli da ke tsayawa da kanta, kamar Balfour ta aikin ciki. Mai haƙora ta fata ce, mai faɗi marar kaifi kuwa ita ake kai wa kusa da hanji. A tiyatar haihuwa, ƙugiyar Doyen ce ke kare mafitsarar uwa yayin da ake yanka mahaifa.

Aiki ne na amana. In aka ja da ƙarfi ko aka daɗe ana ja, jijiya kan ji rauni, shi ya sa ake sassautawa lokaci-lokaci. Ana kashe ƙwayoyin cuta a jikin ƙarafan da tururi mai zafi, kuma sai an ƙirga su kaf kafin a ɗinke.

Ɗalibai, ku sani wannan ilimi ba baƙonmu ba ne. Abul Ƙasim az-Zahrawi, likitan Ƙurɗuba a Andalus da ya rasu wajen 1013 miladiyya, ya zana kayan tiyata kusan 200 a littafinsa At-Tasrif, cikinsu har da ƙugiyoyi masu baki ɗaya, biyu da uku. Turawa sun fassara shi zuwa Latin, suka yi ɗaruruwan shekaru suna koyarwa da shi.

Neman magani ba ya warware tawakkali, Manzon Allah (SAW) ma ya umarce mu da shi. In likita ya ce sai an yi aiki, mu tambaye shi mu fahimta, kada mu ja lokaci. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.