Amsoshin Tambayoyinku: Yaya Ake Cajin Batir Biyu Da Inji Ɗaya?

A wannan mako wasiƙu biyu muka haɗa, domin kusan abu ɗaya suke tambaya.

Ta farko ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Yawuri ta jihar Kebbi, wanda ke da jirgin ruwa mai inji, yana ɗaukar 'yan kasuwa da kayansu a tafkin Kainji. Ya ce ya sayi batir na biyu saboda fitilu da famfon kwashe ruwa da cajin wayoyin fasinja, ya haɗa shi kai tsaye da batirin tayar da inji, amma duk ran da suka kwana a bakin ruwa sai a wayi gari duka biyun sun yi sanyi. Ta biyu kuwa daga Maraɗi take, a Jamhuriyar Nijar, daga wani mai a-kori-kura da ke bin kasuwannin ƙauye da firji da lasifika. Shi kuma ya ce ya gaji da roƙon yaran tasha su tura masa mota idan kasuwa ta tashi. Dukansu suna tambaya, yaya za a yi inji ɗaya ya cika batir biyu ba tare da ɗaya ya shanye ɗan'uwansa ba?

To malamai, mun gode da wasiƙunku. Amsar a taƙaice ita ce, baturan nan su haɗu lokacin da inji ke aiki yana ba su caji, su kuma rabu da zarar an kashe inji. Wannan shi ne tsarin da ake bi a jiragen ruwa, da kuma ɗakunan kwana masu taya da Turawa ke ja da mota idan za su yawon hutu.

Ga dalili. Ku ɗauki misalin randa biyu da aka haɗa gindinsu da tiyo. Duk wadda aka ɗebi ruwa a cikinta, ɗayar ma sai ruwanta ya sauka. Haka batir biyu suke idan an haɗa su da waya dindindin. Firji yana ci, fitila tana ci, kuma daga duka biyun ake cira. Idan ma ɗaya tsoho ne, to shi zai riƙa jan sabon ƙasa ko da ba a kunna komai ba. Abin da ake bukata shi ne famfo a tsakiyar tiyon, a buɗe lokacin zuba ruwa, a rufe lokacin ɗiba.

Bugu da ƙari, aikinsu ba ɗaya ba ne. Batirin tayar da inji an yi shi ne ya ba da wuta mai yawa cikin 'yan daƙiƙoƙi, sannan ya sake cika nan da nan. Idan ana yawan sauke shi ƙasa ba ya daɗewa. Na fitilu da firji kuwa, wanda ya dace shi ne irin na sola, mai faranti masu kauri a ciki, wanda ke ba da wuta kaɗan-kaɗan na sa'o'i da yawa. Shi ma kada a saba shanye fiye da rabinsa.

Hanyoyin raba su guda uku ne sanannu. Ta farko ita ce makunni na hannu mai matsayi huɗu, wato batir na ɗaya, na biyu, duka biyu, da kashewa. Ka tayar da inji a kan na ɗaya, ka juya zuwa duka biyu yayin tafiya, idan ka tsaya ka mayar kan na biyu. Yana da araha, amma fa ya dogara ne ga tunawarka. Ran da ka manta shi a kan duka biyu, an koma gidan jiya. Kuma kada ka kuskura ka juya shi zuwa kashewa alhali inji yana aiki, domin hakan na iya ƙona altanato, wato na'urar da ke ba da caji.

Ta biyu ita ce rile mai jin ƙarfin wuta, kuma ita muka fi ba ku shawara. Batir mai bolt 12 idan ya cika ya huta, yakan nuna kamar bolt 12.6 zuwa 12.7 a mita. Idan inji ya tashi, altanato yakan ɗaga shi zuwa tsakanin 13.8 da 14.4. To shi wannan rile da ya ji wuta ta kai wajen 13.3 sai ya haɗa baturan da kansa, idan kuma ta sauko wajen 12.8 sai ya raba su. Ka ga ko ka manta, shi ba ya mantuwa.

Ta uku ita ce akwatin dayod, wanda ke barin wuta ta bi hanya ɗaya tak, daga altanato zuwa kowane batir, ba ta komowa. Aibinsa shi ne yana cinye kusan bolt 0.7 a hanya. Wato idan altanato ya ba da 14.2, abin da zai isa batir bai wuce 13.5 ba, don haka batir kan daɗe bai cika ba.

Ko wacce ka zaɓa, ka tsaya a kan mai gyaran wutar mota ya yi maka abu biyu. Na ɗaya, waya mai kauri, irin wadda masu shago ke kira milimita 16, idan kuma da nisa tsakanin baturan a sa ta 25. Siririyar waya zafi take yi, wutar kuma ta ɓace a hanya. Na biyu, a sa fis guda biyu a kan jar wayar da ta haɗa su, ɗaya dab da kowane batir, domin wayar nan tana da wuta ta kowane ɓangare. Idan ta goge ta taɓa ƙarfe ba fis, gobara ce, kuma gobara a jirgin da ke ɗauke da jarkokin fetur a tsakiyar ruwa, Allah ya kiyaye.

Sai batun tsawon lokacin caji, inda mutane da yawa ke ruɗuwa. Alal misali, firjin da ke cin amfiya 4, idan ya yi aikin awa 10 ya ci 40 ke nan daga batir mai 100. Idan amfiya 20 ke shiga yayin tafiya, sai an yi awa 2 ana gudu kafin a mayar da yawancinsa, kuma ƙarshen cikar a hankali yake shiga. Barin mota a silo na minti 15 ba ya cika batir. Malam na Yawuri kuma ka duba injinka, domin ƙananan injunan jirgi da yawa abin da suke bayarwa bai wuce amfiya 6 zuwa 10 ba. A nan farantin sola zai taimaka ƙwarai. Mai wat 100 yana ba da kamar amfiya 5 idan rana ta take, amma a bi da shi ta na'urar daidaita caji, kada a jona shi kai tsaye.

Wani gargaɗi ga masu manyan motoci. Batir biyu da kuke gani a gingimari ko tirela, galibi an jera su ne su ba da bolt 24, wannan wani tsari ne dabam. Kada a jona firji ko rediyo mai bolt 12 a kan guda ɗaya daga ciki, domin ɗaya zai riƙa ramewa, ɗayan kuma caji ya yi masa yawa, a ƙarshe ka yi asarar duka biyun. A sayi na'urar da ke sauke 24 zuwa 12. Haka nan wanda ya sayi batirin litiyam na zamani, kada ya haɗa shi da na mota ta rile. Akwai caja ta musamman da ake sawa tsakaninsu, wadda ke iyakance abin da zai ja daga altanato.

Daga ƙarshe, batir mai ruwa yana fitar da iska mai kama wuta yayin caji, saboda haka a ajiye shi inda iska ke shiga, ban da taba ko ashana kusa da shi. A ɗaure shi kada ya kife, a ɗaga shi daga ƙasan jirgi inda ruwa ke taruwa. Idan ruwansa ya ragu a ƙara masa tataccen ruwan batir, ban da na rijiya ko na kogi. Ƙaramar mitar auna wuta kuma ba ta kai kuɗin batir ɗaya ba. Idan da safe ka ga 12.2, to rabi ya tafi, lokacin caji ya yi.

To jama'a, a nan za mu dasa aya. Ku ci gaba da aiko mana da tambayoyinku, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.