Ciwon turmin ƙarshe: abin yi da abin bari

Babban mutum yana da haƙora 32. Huɗu na can ƙuryar baki su ne ke fitowa daga baya, tsakanin shekara 17 da 25. Turawa suna ce musu haƙoran hankali, don sai mutum ya mallaki hankalinsa suke tsirowa.

Sau da yawa turmin nan ba ya samun wuri. Sai ya leƙo rabi, dasashi ya rufe sauran kamar hula. Ƙarƙashin hular nan tuwo da tsokar nama suke maƙalewa, su ruɓe. Daga nan sai kumburi, da warin baki, da zogi har cikin kunne.

Aikin farko shi ne tsabta. Mu zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin kofin ruwa mai ɗumi, mu kurkure baki bayan kowane abinci. Mu kai asuwaki ko burushi har wurin, a hankali, ko da akwai zafi. Kanumfari ɗaya a tauna a ajiye kan wurin, yana rage raɗaɗi. Babba yana iya shan farasitamol na miligiram 500, ƙwaya biyu, sau uku a rana. Kada a wuce haka.

Amma muna ganin abin takaici a unguwannin Yamai. Wani ya ɗora asfirin kan dasashi, ya ƙone naman. Wani ya ɗiga ruwan batir ko man birki, wai a kashe tsutsa. Babu wata tsutsa cikin haƙori! Wani kuma ya sayi tiramol wurin masu tallar magani a rana. Zafin ya lafa, ruɓa kuwa tana nan tana ci.

Idan kwana uku suka wuce babu sauƙi, a je likitar unguwa. Idan kuwa baki ya ƙi buɗuwa, ko zazzaɓi ya zo, ko kumburi ya gangara wuya har haɗiyar yawu ta yi wuya, kada a kwana gida. Kumburin nan yana iya toshe numfashi. A Babban Asibitin Ƙasa na Yamai akwai likitocin haƙori. Su ne za su duba, su wanke wurin, su rubuta magani, su faɗi ko a cire turmin ko a bar shi. Mai ciki ta gaya musu tana da ciki kafin a ba ta kowane magani.