Hasken Gama da Ƙananan Taurarin Ɗan Adam

Masuncin Yawuri da ke kwana bisa ruwan Kainji yana ganin Kaza da 'Ya'yanta sarai, amma abin da ido ke gani kaɗan ne daga cikin hasken da taurari ke fitarwa. Mafi ƙarfi duka shi ne wanda masana ke kira hasken gama. Iskar da ta lulluɓe duniya tana shanye shi, don haka sai an kai na'ura can bisa kafin a auna shi. Ɗaya daga cikin taurarin ɗan adam na farko da aka ba wannan aiki, watau SAS-2, daga gaɓar Kenya aka harba shi cikin 1972.

Shi kansa hasken gama hawa-hawa ne, kuma matsakaicinsa ya fi wuyar kamu. Madubi ba ya tattara shi. Ba ya kuma barin sawu miƙaƙƙe cikin na'ura kamar mai tsananin ƙarfi. Sai dai ya bugi ƙwayar lantarki ya karkace, tamkar kifin da ya gogi koma ya kauce. Tilas a jera ma'aunai biyu, na farko ya ga inda ya buga, na biyu ya ga inda ya faɗa, sa'an nan a yi lissafin inda ya fito. Haka COMPTEL ta yi daga 1991 zuwa 2000, bisa tauraro mai nauyin tan 17. Ita ce ta zana taswirar hasken alminiyum-26, shaidar cewa har yanzu ana ƙera sinadarai cikin taurari. Tun daga nan ba a harba wadda ta zarce ta a wannan zango ba, kuma tsada na cikin dalilai.

A nan ƙananan taurari suka shigo. GRBAlpha, ɗan akwati mai santimita 10 kowane gefe, an harba shi cikin 2021. Ran 9 ga Oktoba 2022 ya auna ƙololuwar wata gagarumar fashewa wadda haskenta ya fi ƙarfin manyan na'urori da dama. Girmansa ɗaya da NigeriaEduSat-1, wanda Jami'ar Fasaha ta Akure ta sa hannu wajen ƙerawa, aka harba cikin 2017. Amma fa kada a ruɗu. Ƙaramin ma'auni kaɗan yake tarawa, kuma guda ɗaya ba ya nuna inda haske ya fito, sai an watsa su da yawa an gwama lokacin da ya isa ga kowannensu.